Sannu da Aiki, Dam ɗin Bakalori

Ranka ya daɗe, Dam ɗin Bakalori, babban bango na ƙasar Zamfara, mai tare gulbi da ƙirji. Gaisuwa ta kamace ka, yabo kuma ya zama dole, domin ba kullum ake samun ma'aikaci irinka ba. Tsawonka kilomita 5 da rabi, gininka na kankare ya tashi sama mita 48, tafkin da ka tara a bayanka ya shanye hekta 8,000, cikinka kuma yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An ɗora harsashinka a 1974, aka gama ka a 1978. Cikin waɗannan 'yan shekaru da biyun da suka biyo bayansu, ka yi wa talakawan Maradun da Bakura da Talata Mafara abin da Ingila ta ɗauki fiye da shekara 100 tana yi wa nata talakawan lokacin da masana'antu suka tsiro mata. Wa ya isa ya ce ba mu da saurin ɗaukar karatu?

Kafin ka zo, ai mutanen nan cikin duhun kai suke. Dubi irin wautarsu. Gulbin Sakkwato ya taso tun daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya iso musu, kuma duk damina in ruwa ya kankama sai ya cika ya batse, ya malala cikin fadama ya kwana biyu, sannan ya janye ya bar musu baƙar laka wadda ta fi kowane takin kanti. Su shuka shinkafa, ruwa na tasowa tana tasowa tare da shi. In ya ja baya, su bi danshin da rogo da dankali da taba. Inda ƙasa ta fara ƙeƙashewa su haƙa rijiyar da ba ta wuce gaba biyu ba, su kafa jigo, su yi ta ba albasa da tattasai ruwa har bazara. A tudu ga gero, ga dawa, ga auduga. Tafkunan da ambaliya ta bari, masunta su faɗa musu da koma da gora. Fulani su gangaro da shanu bayan girbi, su cinye kara da harawa, su bar wa mai gona taki. Duk wannan babu takarda, babu injiniya, babu kuɗin ruwa, babu ɗan kwangila ko ɗaya da ya ci sisin kwabo a ciki. To ina ci gaba a nan? Ruwan da ba a ci bashi a kansa ba, ai ba ruwan zamani ba ne.

Har wasu masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun so su rage maka daraja tun ba a haife ka ba. A rahotonsu na 1969, cewa suka yi a gina ɗan ƙaramin dam a Bakalori, a bi abin sannu a hankali, kada a birkita yadda mutane suka saba noma, tunda yankin bai san kan babban aikin ban-ruwa ba. Allah ya tsare ka da ƙanƙanta. Fari ya auka wa ƙasar a farkon shekarun 1970, gwamnatin Janar Gowon ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, kuɗin man fetur kuma ya ɓarke har ana neman inda za a kai shi. Sai ga Impresit, kamfanin gine-gine na Italiya, ɗan gidan Fiat masu ƙera mota da tarakta. Aka ce su duba ko aikin zai yiwu. Suka duba, suka ga lallai zai yiwu, kuma ƙarami ba zai wadatar ba, sai babba. Aka ce to, su gina babban. An tambayi mahauci ko ya kamata a yanka sa, ya amsa tsakaninsa da Allah. Kwangilar da aka sa wa hannu a kan naira miliyan 110 ta yi ta ƙiba har ta doshi miliyan 400, a zamanin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya ƙarfi, har masana suka sa ka cikin ayyukan ban-ruwa mafi tsada a duniya in aka raba kuɗin da yawan hekta. Ko ba komai ka fitar da mu kunya a idon duniya. Manoman da za a yi aikin a gonakinsu kuwa, an tausaya musu, ba a wahalar da su da shawara ba.

Ba abin mamaki ba ne ka yi fice, gidan da ka yi karatu babba ne. Ingila ce ta fara nuna wa duniya cewa ci gaba yana farawa ne daga raba talaka da ƙasa. A ƙauyukansu na da akwai filayen gama-gari, inda mai saniya ɗaya yake kiwo, matar gida ta yi itace, marar gona ya yi kala bayan girbi. Majalisarsu, wadda masu manyan gonaki suka cika, ta yi ta zartar da dokokin killace filaye, sama da 5,000 in an haɗa, mafi yawansu tsakanin 1750 da 1850. Aka kewaye filayen da shinge, aka rubuta su da sunan manya. Amfanin gona ya ƙaru, wannan babu musu. Wanda aka bari ba makiyaya ba gona kuma ya tasa iyalinsa gaba ya nufi Mancesta da Lids da Bamingam, inda injuna ke jiran hannuwa masu araha. Mancesta, wadda mutanenta ba su kai 100,000 ba a 1801, ta haura 300,000 a 1851, an cusa su cikin lunguna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, gidaje da yawa na haɗa masai ɗaya, kwalara na zagayawa tana ɗiba.

A can ne aka gano baiwar da Allah ya yi wa yaro ɗan shekara 6 ko 7. Jikinsa ƙarami ne, yana iya rarrafawa ƙarƙashin injin kaɗi yana cikin gudu, ya tsince audugar da ta zube. Injin ya miƙa gaba, yaro ya bi shi rub da ciki yana shara. Injin ya juyo, yaro ya lafe da ƙasa. In gyangyaɗi ya ɗauke shi ya makara, ya bar yatsu ko fatar kai a wurin. Awa 12, wani lokaci 14, cikin ƙurar auduga mai toshe huhu. Da yawansu daga gidajen marayu da gajiyayyu aka kwaso su aka miƙa wa masu masaƙu. Sai a 1833 aka yi dokar da ke da ɗan haƙori: kada a ɗauki wanda bai kai shekara 9 ba a masaƙa, ɗan 9 zuwa 13 kuma kada ya wuce awa 9 a rana, aka naɗa sufetoci 4 su kula da ƙasar gaba ɗaya. A 1842 aka hana tura mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 cikin ramin kwal. A shekarar ce kuma Edwin Chadwick ya fitar da rahotonsa kan zaman ma'aikata, inda ya nuna cewa, in aka haɗa da jarirai, matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburorin Mancesta 17 ne, a Libaful 15, alhali a gidajen leburorin karkara na gundumar Rutland ana kaiwa 38. Ka ji riba: mutum ya baro ƙauye ya shigo birni, an ɗauke masa wahalar tsufa.

Masu sana'ar saƙa da gyaran tufa da injin ya kashe wa kasuwa, da suka fara fasa injuna a 1811, majalisa ba ta yi nawa ba. A 1812 ta mai da fasa inji laifin kisa, a Janairun 1813 kuma aka rataye 17 daga cikinsu a birnin Yok. Mu ma nan albarkar ta iso mu daga baya: audugar Zamfara ta hau jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda da Gusau ta tafi, ta dawo yadi mai sheƙi ta sami masaƙanmu a kasuwa.

Duk darussan nan, Bakalori, ka haddace su, ka kuma biya su ba tuntuɓe.

Aƙalla mutum 13,000 tafkinka ya tasa daga gidajensu. Aka kwashe su zuwa sababbin matsugunai irin su Sabuwar Maradun. An karɓi fadama, an ba su tudu mai tsakuwa, kushewun iyayensu kuma suna can ƙarƙashin ruwa, inda babu mai damunsu da ziyara. Ƙasa da bangonka, inda aka shata hekta sama da 23,000 domin ban-ruwa, katafila da gireda suka shiga gonakin gado. Aka ce kowa ya ajiye fartanya tukuna, ana share fili ana haƙa kanal. Wani ya rasa damina biyu, wani uku. Me za a ci kafin a gama? Wannan ƙaramar tambaya ce, ba ta cikin zane. Aka kankare ƙasar sama mai albarka, wadda kakanni suka shekara suna zuba wa taki, aka ture ta gefe domin fili ya daidaita. Manomi ya san iyakar gonarsa da layin gamba, da suri, da kututturen marke, da tsamiyar da kakansa ya bari. Gireda ta wuce sau ɗaya, duk ta share wannan shirme. Da aka tashi mayar da gonaki, sai malami ya zo da taswira da lambobi, mutum na tsaye a inda ya tabbata nan ne gonar ubansa ana nuna masa wani wuri can. Wanda yunwa ta ci ƙarfinsa kafin lokacin ya riga ya jinginar da rabonsa ko ya sayar, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata kuma, Allah ya saka musu, ba su bar shi ya rasa mai saye ba.

Ɗauki ɗorawa guda ɗaya. Malamin diyya ya iso gindinta da littafi, ya ɗaga kai ya dube ta, ya rubuta ɗorawa ɗaya, ya sa mata farashin da za a biya sau ɗaya tak. Uwargida na tsaye daga nesa. Ita ta san ɗorawar nan ce ke ba ta kalwar da take dafawa ta yi daddawa ta aika kasuwar Mafara ranar Talata. Garinta yara ke lasa da bazara in rumbu ya yi ƙasa. Makubarta ake yaɓa wa katanga kada ruwa ya zaizaye ta. Da kuɗin daddawar nan ta yi wa 'yarta ta fari kayan ɗaki, da shi kuma take shirin yi wa ta biyu. Ba a rubuta sunanta a littafin ba, don itace na mai gona ne. Katafila ta sa baki ta tumɓuke abin da ya shekara hamsin yana girma, kafin direban ya gama tauna goron da ke bakinsa. Haka aka bi kaɗanya da kuka da gawo da mangwaro. Da kuɗin diyyar ya tashi fitowa, wani an rage masa lissafi, wani sunansa ya ɓace a hanya, wani aka ce ya dawo gobe, goben da ta shekara ba ta zo ba.

Kada a ce an yi ba bisa doka ba. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta ce ƙasa duk amana ce a hannun gwamna, in hukuma ta karɓa don amfanin jama'a abin da ke kanta ake biya, ba ita kanta ƙasar ba. Turawan Ingila sun sha wahalar dokoki dubbai kafin su kai ga haka. Mu guda ɗaya ta ishe mu.

Daga nan sai aka koya wa mutanen abin da ya dace su noma. Birane sun koyi cin burodi, jiragen ruwa na ta sauke alkamar Amurka a Legas, saboda haka aka ce Bakalori zai ciyar da ƙasa da alkama. Alkama sanyin hunturu take so, dole a shuka ta da wuri. Dawa kuwa ba ta san sauri ba, tana nan tsaye a gona har kaka ta yi nisa, ta tare fili. Sai aka ce dawa ta kauce. Abin da gida ke tuƙa tuwo da shi, karansa ya yi danni da jinka da abincin dabbobi, shi ne ya zama mai hana ruwa gudu. Masana biyu 'yan ƙasar Suwidin da suka zauna a Nijeriya, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun fitar da littafi a 1985 kan yadda alkama da burodi suka zama wa ƙasar nan tarko, amma su ba su san daɗin shayi da burodi da safe ba ne. Manomin da a da yake duban sama da ƙasa ya yanke wa kansa ranar shuka, yanzu an hutar da shi tunani. Hukuma ce ke faɗa masa irin da zai shuka, da ranar da tarakta za ta zo, da ranar da za a sako ruwa, da abin da zai biya na kowanne. Leburan Mancesta ƙararrawar masaƙa ke tashinsa, manomin Bakura takardar ofis. Bambancin kawai shi ne na Mancesta ana ba shi lada ƙarshen mako, na Bakura kuwa in alkama ta ƙi, asarar tasa ce shi kaɗai.

Ga kuma kwalliyar da aka yi maka. Kusan kashi biyu cikin uku na filin an tsara shi ne a kan ban-ruwa na feshi: manyan famfuna masu cin lantarki, bututu shimfiɗe cikin ƙasa, kawuna na juyawa suna watsa ruwa sama. Kowane ƙusa daga Turai, kowane gyara sai an jira jirgi. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa gaisuwa ta koma, wannan hangen nesa ne da ya cancanci lambar girma.

Alherinka bai tsaya ga na kusa ba. Daga bangonka har inda gulbin ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, akwai ƙauyuka birjik da suka rayu da ambaliya. Ka riƙe ruwan, ambaliyar ta rage. Wani masanin Ingila, William Adams, ya bi waɗannan ƙauyuka a farkon shekarun 1980, ya tarar dubban hektocin da ake shinkafa sun koma gero da dawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa har noman rani na jigo ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci saboda a cikin ambaliyar yake hayayyafa, masunta kuma sun fara bin wasu ruwaye can nesa. Waɗannan bayin Allah ko wahalar bin layin diyya ba a ɗora musu ba, tunda ba sa cikin taswirar aikin. Aka busar da fadamar da ke ba da shinkafa kyauta, domin a jiƙa tudun da zai ba da alkama da tsada. Wanda bai ga hikima a nan ba, bai yi boko ba ne.

Abin takaicin shi ne talaka ba ya godiya. Mulkin farar hula ya dawo ranar 1 ga Oktoba 1979, Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar Sakkwato, ya zama shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamnan jihar, wadda Bakalori ke cikinta a lokacin. Manoman suka ɗauka yanzu kam za a ji kukansu, tunda sun jefa ƙuri'a kuma na gida ne a sama. Suka fara tare hanyoyin da motocin kamfani ke bi, suka tsayar da aiki, suna cewa a biya su diyya, a mayar musu da gonaki, a bar su su shuka abin da za su ci. Gwamna ya zo a Nuwamban 1979 ya yi musu alkawari. Watanni suka wuce. Kowace ranar da aiki ya tsaya, kamfani na rubuta asararsa a kan gwamnati, kuma wannan asarar, ba kamar ta damina uku ba, tana da mai jin zafinta.

A nan bakina ya gaza yabo, ko da na gatse ne.

Ranar 28 ga Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta a kan mutanen Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye, suka cinna wa gidaje wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Waɗanda suka bi diddigi daga baya sun ce 386 ne. Manoma ne, masu iyali, waɗanda aka karɓe wa gona aka hana su noma aka hana su kuɗinsu, suka tsaya a kan hanya don a dube su. Ko mutum ɗaya aka kashe a kan wannan, ya isa ƙasa ta sunkuyar da kai. A shekarar ce kuma gwamnatin ta ƙaddamar da shirinta na juyin juya halin noma, wanda aka ce an yi shi ne domin manomi.

Malamarka Ingila ma ta yi nata. Ranar 16 ga Agusta 1819, mutum kusan 60,000, akasarinsu ma'aikatan masaƙu da iyalansu, suka taru a filin St Peter da ke Mancesta suna neman a ba su wakilci a majalisa, ga tsadar burodi ta ishe su. Sojan doki suka faɗa musu da takubba, aka kashe kimanin 18, ɗaruruwa suka jikkata. Gwamnati ta aika wa mahukuntan garin godiya, aka ɗaure Henry Hunt, wanda ya zo yin jawabi. Amma mutanen Ingila ba su bar abin ya kwanta ba. Suka sa masa suna Peterloo, suka riƙe sunayen matattunsu, jaridar Manchester Guardian ta tsiro a 1821 daga cikin fushin da ya biyo baya, a 2019 kuma, bayan shekara 200, birnin ya gina musu abin tunawa. Mu nan, ba don irin su Dakta Yusufu Bala Usman ba, wanda ya tattara takardu kan danniyar siyasar lokacin ya buga a 1982, da 'yan tsirarun malaman jami'a da 'yan jarida da suka ƙi yin shiru, da tuni an ce mafarki aka yi. A tare ɗan sakandare a Mafara ko Bakura a tambaye shi me ya faru ranar 28 ga Afrilu 1980, a ji abin da zai ce. A nuna mini mutum ɗaya da ya tsaya gaban alƙali saboda jinin Birnin Tudu.

To, mu koma ga yabo, ranka ya daɗe, don a nan ne ka zarce malamarka nesa ba kusa ba. Ingila ta sha jinin talakawanta, amma ta fito da kaya a hannu. Ta zama masaƙar duniya da maƙerarta, ta shimfiɗa layin dogo, jikokin yaran nan masu rarrafe ƙarƙashin inji kuma suka yi ta gwagwarmaya har suka ƙwaci ƙungiyoyin ƙwadago, da dokar awa 10 ta 1847, da ƙuri'a. Wannan bai wanke zaluncin ba, bai kuma dawo da yatsa ko ɗaya ba, amma dai an ga abin da aka saya. Kai kuwa ka nuna cewa ana iya biyan kuɗin gaba ɗaya ba tare da an ɗauki kayan ba. Zuwa 2003 famfunan feshin nan sun daina juyawa, abin da ake nomawa da ruwanka bai wuce hekta 7,500 ba, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da aka yi alkawari. Kanal-kanal suka cike da yashi da ciyawa. Ruwan da ya kwanta ya zama gidan sauro da tsargiya, yara na wanka a ciki suna fitsarin jini. Alkamar da aka kori dawa dominta ta zama labari. Me manoman suka koma shukawa a inda ruwa ke kaiwa? Shinkafa. Abin da kakanninsu ke nomawa a fadama tun kafin a san akwai wata ƙasa wai ita Italiya.

Ba zan hana ka naka ba. Yau akwai dubban gidaje a Bakura da Mafara da Maradun da ke ci daga shinkafar rani ta Bakalori, akwai masu casa da masu turara da 'yan dako da direbobi da ke samun na cefane a jikinta. Allah ya ƙara musu albarka, ya kare musu amfaninsu. Sai dai guminsu ne ya yi wannan. Su ne suka riƙa shiga kanal da shebur suna kwashe laka, suka haɗa kuɗi suka sayi injin ban-ruwa inda naka ya mutu, suka mai da kufan babban aiki wurin neman abinci. Da an bi su a hankali tun farko, an tambaye su, an bar musu itatuwansu da dawarsu, da an kai nan ba tare da kabari ko ɗaya ba.

Ga shi kuma ba a gaji da yi maka hidima ba. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 domin gyara manyan ayyukan ban-ruwa na arewa, kana sahun gaba, tare da na Kogin Kano da Kwarin Haɗeja. Cikin aikin har da mai da wani sashe na filayen feshi zuwa ban-ruwa na kanal, wanda ruwa ke gangarawa da kansa ba lantarki. Wato bayan shekara 45 da rahoton masanan nan na 1969 an gano cewa abu mai sauƙi shi ya fi dacewa da wurin. Madalla da wannan bincike. Bashin kuma kada ka damu, jikokin mutanen Birnin Tudu na cikin masu biya.

Yanzu wata masifar ce ta rufe yankin. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu ta kwana a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A ƙauyuka da dama na Maradun da Bakura manomi ba ya zuwa gona da kwanciyar rai, wasu wuraren sai an haɗa wa 'yan bindiga kuɗi kafin a yi shuka, a sake haɗawa kafin a yi girbi. Ban ce kai ka haife su ba, Bakalori, laifinka ya ishe ka ba sai an ƙara maka na wani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da mutanen ƙauye ke samu in sun buga waya cikin dare suna neman agaji: babu isassun ma'aikata, babu mota, hanya ba kyau, sai gari ya waye. A 1980, da manoma suka tare wa kamfani hanya a wannan ƙasa, ba a ce babu mota ba, ba a ce babu mai ba, ba a kuma ce harsashi ya ƙare ba.